Ku Bar Baba Ya Ɗauki Jarkarsa

A yawancin gidajenmu, ranar da furfura ta cika wa mutum kai ita ce ranar da ake fara karɓe masa aiki daga hannu. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, jika ya riga shi. Ya sunkuya zai naɗe tabarma, a ce, "Baba, ku bari, ai muna nan." Hajiya ta aurar da ɗanta na fari, suruka ta tare, daga ranar ba za ta sake ɗaga tukunya ko tulu ba, balle taɓarya. Tarbiyya ce mai kyau, kuma ƙauna ce ta kawo ta. Sai dai tsoka ba ta san ƙauna ba, nauyi ta sani. Duk tsokar da aka daina ɗora wa kaya zubewa take yi, kuma a jikin mai shekara 65 zubewar ta fi ta jikin mai 25 sauri nesa ba kusa ba. A ganina, babban rabo na abin da muke kira "tsufa ya kama shi" zama ne ya kama shi, kuma da hannunmu a ciki. Ɗaga nauyin nan da muka bar wa samarin unguwa masu gwangwanin siminti, iyayenmu maza da mata sun fi su bukatarsa.

Daga wajen shekara 30, mutumin da ba ya aikin ƙarfi yakan rasa kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. A 1989 wani likita ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, ya laƙaba wa wannan zaizayewa suna sarkofeniya. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne ƙarfi ya fi girman tsoka saurin tafiya, zafin nama kuma ya fi su duka. Dalili kuwa, zaren tsoka iri biyu ne. Akwai mai juriya, wanda ake tafiya da tsayuwa da shi, akwai mai saurin ɗaurewa, wanda ake zabura da shi. Na biyun ne tsufa ya fi ci, kuma ba ya farkawa sai an ɗaga abu mai nauyi ko an yi motsi da hanzari. Shi ya sa dattijo zai iya takawa kasuwa ya dawo lafiya, amma ranar da ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa ƙafar ba za ta iya zabura ta tare shi ba kafin ya kai ƙasa.

Kwanciya kuma ita ce ɓarauniyar da ba a gani. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya, masu kimanin shekara 67, kwana 10 a gado. A matsakaici sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka daga ƙafafu kawai. Masu lafiya ke nan, kuma ana ba su abinci. To, ina ga wanda zazzaɓin cizon sauro ko taifot ya kwantar mako biyu, ba ya cin komai sai kunu? Wannan ne asalin maganar da muke yawan ji, "tun da ya yi ciwon nan bai koma daidai ba." Ciwon ya tafi, tsokar ce ba ta dawo ba, domin da ya miƙe kowa ya ce ya huta.

Ƙarshen wannan hanya sau da yawa faɗuwa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a ciki. Mafi muni ita ce karayar kan ƙashin cinya a wajen kwatangwalo. Wuri ne da kara da tsumman mai ɗori ba sa kai wa gare shi, maganinsa tiyata ce, tiyatar kuma ta fi ƙarfin aljihun gidaje da yawa. Ko a ƙasashen da ake yin ta cikin kwana ɗaya ko biyu, tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tsofaffin da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara. Wanda ya ga yadda tsohuwa mai kuzari ke komawa kwance a ɗaki bayan santsin bayan gida ya kwashe ta, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Abin da ya sa nake rubutun nan da zafi shi ne an daɗe da gano cewa ana iya juya wannan al'amari, ko da an makara. A 1990 likita Maria Fiatarone da abokan aikinta suka ɗauki tsofaffi 10 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, masu shekara 86 zuwa 96, raunana, masu cututtuka iri-iri. Sau uku a mako suna ɗaga nauyi da ƙafa, nauyin da ya kai kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa sau ɗaya. Bayan mako 8, tara da suka kammala ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, wato ya kusa ninkawa uku, kuma hoton cinyar ya nuna tsokar kanta ta ƙaru. A Ostireliya kuma, a Jami'ar Griffith, an gwada mata kusan 100 da al'ada ta ɗauke musu kuma ƙashinsu ya fara rauni. Rabinsu suka riƙa ɗaga ƙarfe mai nauyi sosai a gaban mai koyarwa, minti 30, sau biyu a mako, wata 8. Ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, na sauran da suka yi motsi mara nauyi a gida kuwa ya ragu. Ba wadda ta karye a cikinsu. Akwai ma wata Ba'amurkiya, Edith Murway-Traina, da ta fara ɗaga ƙarfe tana da shekara 91, ta kai 100 tana shiga gasa. Ba gasa nake so iyayenmu su shiga ba. Na kawo ta ne don a daina cewa lokaci ya wuce.

Za a ce ai mutanenmu aikin ƙarfi suka yi duk rayuwarsu: noma, daka, jan ruwa, faskare. Gaskiya ne, kuma shi ya sa za ka ga tsoho a ƙauye ya fi tsaransa na birni ƙwari. Amma ƙarfi ba gona ba ne da za a mallaka sau ɗaya a ajiye. Wanda ya yi noma shekara 40 ya daina, cikin 'yan shekaru zai koma kamar wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Injin niƙa ya karɓe dutse da turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓe guga, babur da Keke Napep sun karɓe tafiyar ƙasa. Sauƙi ne, mun gode wa Allah, amma ba mu maye gurbin aikin da jiki ya rasa da komai ba. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yana ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 na aiki, galibinsu a kan kujera, daga nan ya koma kan wata kujerar a ƙofar gida. Likita ya ce masa ya riƙa tattaki, ya yi, kuma tattaki yana da amfani ga zuciya da sukari. Sai dai tattaki ba ya ɗora wa cinya da baya da hannu nauyin da zai sa su ƙaru. Shi ya sa jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, bayan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, ta ƙara da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2, ga waɗanda suka kai 65 kuma ta ce a haɗa da horon daidaita tsayuwa kwana 3 ko fiye.

Za a kuma ce bai dace da mutuncin dattijo ba a gan shi yana ɗaga jarka kamar yaro. Wannan hujjar na fi ɗauka da muhimmanci, domin ita ce ke hana mutane a zahiri. Amsata ita ce a duba abin da mutunci ke bukata a shekara 80. Yana bukatar mutum ya tsuguna a bayan gida ya miƙe ba tare da ya kira kowa ba. Ya yi wanka da kansa. Ya tashi daga sujada ba tare da an kama shi ba. Addini ya yi rangwame ga wanda bai iya tsayuwa ya yi salla a zaune, amma duk wanda ya ga fuskar dattijo ranar da aka fara kawo masa kujera a sahu ya san ba da son ransa ba ne. Da yawa daga cikin iyayenmu sai bayan 60 suke samun zuwa Makka, inda safa da marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ban da ɗawafi da tafiyar jifa. Duk wannan aikin cinya ne da ƙugu.

Kafin a fara, a auna. A sami kujera mai ƙwari mara hannu, mai tsayin kimanin santimita 43, a jingina ta da bango. Mutum ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai miƙe tsaye sosai ya koma cikin daƙiƙa 30. A ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi, namiji mai shekara 60 zuwa 64 da ya kasa kai 14, ko mace da ta kasa kai 12, yana ƙasa da tsaransa kuma yana cikin haɗarin faɗuwa. A shekara 70 zuwa 74 iyakar ita ce 12 ga namiji, 10 ga mace. Wanda ba ya iya tashi ko sau ɗaya sai ya dafa, shi ya fi kowa bukatar farawa yau. A rubuta lambar, a sake aunawa bayan wata biyu. A kuma auna hawan jini. Idan ya kai 180 bisa 110 ana zaune, ba a ɗaga komai sai an sauko da shi. Mai ciwon ƙirji idan ya motsa, mai haki da kumburin ƙafa, wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, mai sukarin da ya taɓa masa ido, mai gwaiwa ko ƙaba, da matar da mahaifarta ta zazzago, duk su fara ganin likita. Yawancinsu ba hana su za a yi ba, gyara musu tsarin za a yi.

Kayan aiki suna cikin gida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 10 ko 25 ma'auni ce da kanta: a ja layi a jikinta a kowace lita, a riƙa ƙarawa. Ta fi gwangwanin siminti, wanda ba a san nauyinsa ba, ba a iya rage shi, kuma sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ta isa mai farawa a aikin hannu. Sai kujera, bango, da dakali.

Uwar aikin ita ce tashi daga zaune. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, yatsu sun ɗan kalli waje, tafin ƙafa duka a ƙasa. A ɗan karkato ƙirji gaba, a danna dunduniya, a miƙe da hanzari, sannan a koma a hankali, ana ƙirga uku, har ɗuwawu ya taɓa kujera ba tare da an faɗa mata ba. Saurin tashi shi ke farkar da zaren zafin nama, jinkirin sauka shi ke gina tsoka. Kuskuren da aka fi yi shi ne gwiwoyi su karkato ciki suna neman haɗuwa, alamar tsokar gefen ƙugu ta yi rauni. A tura su waje su bi layin yatsun ƙafa. Wanda kujerar ta yi masa ƙasa, a ɗora matashi. Wanda ta yi masa sauƙi, ya rungumi jarka mai lita 3 ko 5 a ƙirji, daga baya a koma kujera 'yar tsugunno. Mai ciwon gwiwa irin na zaizayewar guringuntsi, wanda muke haɗawa duka mu kira sanyin ƙashi, shi ma wannan ne maganinsa na farko, domin cinya mai ƙarfi tana rage wa gaɓar nauyi. Ya dai tsaya a zurfin da zafin bai wuce kaɗan ba.

Na biyu ɗaukar kaya daga ƙasa, kuma a nan ne baya ke lalacewa ko ya gyaru. Musulmi ya riga ya san siffar, domin ita ce ta ruku'u mai kyau: baya a miƙe, lanƙwasawar daga ƙugu take. Bambancin kawai a ɗan sassauta gwiwa. A ajiye jarkar tsakanin ƙafafu, ba a gaba can ba, a tura ƙugu baya, a kama da hannu biyu, a ɗaure ciki kamar za a yi tari, a danna ƙasa da ƙafa a miƙe. Kayan ya bi jikin ƙafa yana hawa. Duk taƙi ɗaya da kaya ya yi nesa da jiki, nauyin da ke kan ƙasan baya ƙaruwa yake, kuma mafi haɗari shi ne a ɗaga ana murɗa jiki gefe. Wanda bayansa ke gantsarewa ko dunƙulewa kafin hannu ya kai ƙasa, a ɗora masa jarkar a kan bulo. Mace mai shekara 65 za ta iya farawa da lita 5 zuwa 8, kuma ba abin mamaki ba ne ta kai 20 cikin wata shida.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Turawa: a dafa bango da tafin hannu daidai ƙirji, a matsar da ƙafa baya, a kusanto da ƙirji a tura, in ya yi sauƙi a koma gefen teburi mai ƙwari, sannan dakali. Jawowa: a dafa kujera da hannu ɗaya, baya a miƙe, a jawo jarka da ɗayan zuwa ƙugu kamar mai jan guga, allon kafaɗa yana matsowa tsakiya. Wannan ne ke yaƙar ranƙwafawar da ke zuwa da shekaru. Sai ɗauka a tafi: jarka a kowane hannu, a miƙe ƙyam, a yi taku 20 zuwa 30 a tsakar gida. Yana ƙarfafa riƙo, kuma riƙo ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, aka buga a 2015, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙar hannu tana tafe da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa. Ba damƙar ce ke raya mutum ba, madubi ce ta ƙarfin jiki gaba ɗaya. A rufe da ɗage a kan yatsun ƙafa sau 15 don sha-raɓa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya daƙiƙa 20 zuwa 30 kusa da bango.

Yawan aikin: kwana 2 ko 3 a mako, da hutun kwana ɗaya aƙalla a tsakani, misali Asabar da Talata. Minti 5 zuwa 10 na tattaki da juya gaɓoɓi tukuna. Kowane motsi zubi 2, daga baya 3, kowane zubi sau 8 zuwa 12, da hutun minti ɗaya zuwa biyu. Duka bai wuce minti 35 ba. Nauyin da ya dace shi ne wanda in an gama zubi ana jin saura biyu ko uku kawai za a iya ƙarawa. Idan an yi 12 a duk zubin a zama biyu a jere, a ƙara lita ɗaya a aikin hannu, biyu a aikin ƙafa. Wannan ƙarin shi ne ruhin abin duka, kuma a nan ne mafi yawan dattawa ke tsayawa, domin 'ya'yansu suna tsoro. Wanda ya shekara yana ɗaga gorar ruwa ɗaya, jikinsa ya gama koyon darasin tun watan farko. A rubuta komai a ɗan littafi. A makonni 4 zuwa 6 na farko ƙarfi zai ƙaru da sauri ba tare da jiki ya canja ba, domin ƙwaƙwalwa ce ke koyon kiran tsoka. Girman tsoka sai bayan wata biyu zuwa uku, ƙashi kuwa sai an haura wata shida.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. Na farko riƙe numfashi. Mutum ya cije, ya toshe maƙogwaro yana yunƙuri, jini ya yi tsalle sama na ɗan lokaci, da ya saki kuma jiri ya ɗebe shi. A fitar da iska lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Wanda ke mantawa ya riƙa ƙirgawa da baki. Na biyu zumuɗin makon farko, musamman ga wanda ya taɓa zama ƙaƙƙarfa yana saurayi. Tsoka tana saurin tuna ƙarfinta na da, amma jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi tana da ƙarancin jini, ba ta saurin sabawa, ita ce ke kumbura a kafaɗa da gwiwar hannu. Na uku rashin bambance ciwo. Tsamin jiki da ke zuwa bayan kwana ɗaya, ya yi tsanani a na biyu, ya wuce a na uku ko na huɗu, ba komai ba ne. Zafi mai suka a cikin gaɓa, kumburi, ko zafin da ke sauka daga baya zuwa ƙafa da dindiris, wannan a dakata a nemi likitan gashin ƙashi. Nauyi a ƙirji, haki da bai dace da aikin ba, gani ya dushe, ko fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan aiki mai tsanani, asibiti ne nan take. Mai sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide kada ya yi da yunwa, ya ajiye dabino uku a kusa, kuma ya sa takalmi ya riƙa duba tafin ƙafarsa. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, bayan asuba ne lokacin. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri, sai a ba shi ruwa ko bai nema ba. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, a rage zubi zuwa ɗaya amma a bar nauyin yadda yake.

Sai abinci, inda al'adarmu ta sake juya wa tsoho baya ba da gangan ba. Haƙora sun zube, sai a mayar da shi kan kunu, koko, da tuwo mai laushi, nama kuma a tura wa masu tauna. Alhali jikin tsoho ya fi na saurayi bukatar furotin kafin ya gina tsoka. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 72, a raba a ci uku. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Kofin dafaffen wake kimanin 13. Kofin nono ko kindirmo kimanin 8. Giram 100 na dafaffen nama ko kifi 20 zuwa 30. Gyaɗa kusan rubu'inta furotin ne, ƙuli-ƙuli ya fi haka tunda an matse mai. Saboda haka koko da ƙosai ko alala da safe, fura da nono mai yawa ko awara da rana, tuwo da miyar da aka daka busasshen kifi ko aka zuba dakakken nama da dare, sun kai mutum kusa ba tare da an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai zai bi adadin da likitansa ya yanka masa. A kuma yi hattara da ƙwayoyi. Dexamethasone, wanda ake sha don ƙiba ko ake cusawa a haɗin maganin ciwon jiki, yana kumbura fuska da ciki amma yana cinye tsokar cinya, ya rarake ƙashi, ya tayar da sukari. Diclofenac da ibuprofen kullum-kullum suna cin ciki da ƙoda, sun kuma ɓoye zafin da ya kamata ya gargaɗi mai motsa jiki.

Samarin da ke ɗaga ƙarfe yanzu su ma maganar ta shafe su, domin su ne tsofaffin gobe, kuma suna da abin da ba a saya: ƙashi yana kai iyakar ƙwarinsa ne kafin shekara 30, abin da aka tara a lokacin shi ake ci har ƙarshe. Matsalar ita ce yawancinsu ƙirji da damtse kawai suke ginawa, abin da riga ke nunawa, su bar ƙafa da baya. Daga nan sai allurar ƙara tsoka, wadda ke lalata zuciya da hanta kuma ta rage haihuwa. Da an yi aure, hidima ta yi yawa, a watsar gaba ɗaya, kamar yadda ɗan kokawa ko ɗan dambe ke ajiye fage ya ajiye horo tare. Riƙe ƙarfin da aka riga aka gina ya fi gina shi sauƙi ƙwarai. Zama biyu a mako na rabin awa, da nauyi na gaske, ya isa magidanci mai shekara 40 ya riƙe mafi yawan abin da ya tara.

Abin da nake nema daga hukuma ba gini ba ne. Kowace cibiyar lafiya a matakin farko tana da kujera da agogo. A sa gwajin daƙiƙa 30 ya zama dole ga duk wanda ya haura 60 da ya zo awon hawan jini ko sukari, a rubuta a katinsa kusa da awon jinin. Duk tsohon da za a sallama bayan kwanciyar mako guda, a nuna masa da mai jinyarsa tashi daga kujera da ɗagen ƙafa kafin su fita. Jami'o'inmu, irin su Bayero a Kano, suna yaye likitocin gashin ƙashi. Aikinsu bai kamata ya tsaya kan wanda ya riga ya karye ko ya shanye ba, su ne za su horar da ma'aikatan lafiya na unguwa. Hukumomin alhazai suna tara maniyyata bita watanni kafin tafiya, kuma minti 15 na wannan darasi a kowane zama zai rage masu neman keken turawa. Mata, waɗanda ƙashinsu ke saurin rauni bayan ɗaukewar al'ada kuma ba za su je gidan motsa jiki na maza ba, makarantun Islamiyya na matan aure da tsakar gida sun ishe su, in an sami mace ɗaya da ta koya da kyau a kowace unguwa.

A cikin gida kuwa, aikin ɗa ko 'ya shi ne ya sauya irin taimakon. Ya auna jinin Baba, ya jingina kujerar da bango, ya zuba lita 3 a jarka ya ja layi, ya tsaya a gefen da ya fi rauni da hannu a buɗe kusa da ƙugunsa ba tare da ya riƙe shi ba, ya ƙirga masa da baki. Idan Inna ta yi jinya ta tashi, a koma rabin nauyin da ta bari, a ƙara lita ɗaya duk mako har ta cimma layinta na da.